Wa Ya Aiko Ku?

Mu bakwai ne, dukkanmu 'yan Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa. A cikinmu akwai malaman firamare biyu, da tela, da mai faci, da mai sayar da taki da maganin feshi, sauran biyun kuwa noma kaɗai suka sani, ko da yake a garinmu da zarar ruwa ya sauka kowa manomi ne. Shekara huɗu ke nan, duk sanda kaka ta wuce, gero da dawa suka shiga rumbu, aka naɗe harawa aka ɗora a kan bishiya, makarantu kuma suka tafi hutun Disamba, sai mu ɗaure tabarma da bargo da buta a bayan kekunanmu, mu yi sallama da iyali, mu kama hanya. Wata shekarar kwana biyar, wata kwana tara. Mun je Daura mun sha ruwan rijiyar Kusugu. Mun je Gumel, mun wuce Maigatari ranar Alhamis mun ga kasuwar dabbobi. Bara kuma muka bi ta Ringim da Taura muka sauka Haɗeja, muka ƙarasa dausayin Baturiya. Inda magariba ta riske mu, nan ne gida.

A duk garin da muka tsaya, bayan sannu da hanya, tambaya ɗaya ce ke biyowa: wa ya aiko ku? A Gujungu wani dattijo ya kewaye kekunanmu ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa gaba yana leƙa baya, sannan ya ɗago ya ce, “Samari, ina hoton?” Muka ce, “Baba, wane hoto?” Ya ce, “Na wanda kuke yi wa mana.” Da muka shaida masa ba kowa muke yi wa ba, sai ya yi shiru, ya dube mu da irin kallon da ake yi wa wanda ya fara taɓuwa, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Ba mu ga laifin dattijon ba, abin da ya saba gani ya faɗa. Da waɗanda suka saba masa da shi muke, su ne kuma farkon waɗanda za mu yi wa magana.

A watan Afrilun 2015 wani matashi, Suleiman Hashimu, ya tako a ƙafa daga Legas zuwa Abuja don cika alwashin da ya ɗauka idan Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Alwashinsa ne, ya kuma cika, ba mu da ta cewa. Abin da ya biyo baya shi ne abin takaici. Tun daga lokacin da wuya a gama zaɓe, ko a naɗa wani a muƙami, ba a ji wani ya tashi daga wannan gari zuwa wancan ba, a ƙafa ko a keke, hoton mai gida a ƙirji, tuta a baya, ana ɗaukarsa a waya ana yaɗawa a Facebook. Wai tattakin nuna ƙauna. Mu kira abin da sunansa: maula ce aka ɗora a kan taya biyu. Maroƙin da aka sani a ƙasar Hausa ya fi wannan mutunci, domin shi sana'arsa ce ta gado, ba ya ɓoye ta, yana kuma da fasahar bakin da ake biya. Wannan kuwa ba abin da ya kawo kasuwa sai kumburin ƙafa.

Kada a ce muna wanke kanmu. A shekararmu ta farko mu ma mun faɗa. Yaron wani ɗan takara ya ji labarin shirinmu, ya zo har rumfar mai facinmu ya ce idan muka liƙa hoton ubangidansa, muka kuma ƙare tafiyar a ƙofar gidansa a birni, kowa zai sami sabuwar taya gaba da baya, da ɗan abin da ba a rasa ba. Muka yi ta musu har tsakar dare, huɗu suka rinjayi uku. A ƙauyen da ake son mutumin aka yi mana sowa, a wanda ba a son sa yara suka bi mu da hoge, amma ba inda aka zauna aka yi hira da mu kamar mutane. Duk wanda ya matso so yake ya ji ko an ba mu wani abin rabo. Da muka isa gidan, yini biyu muka yi a gindin katanga tare da sauran masu jira, har mai gidan ya fito a mota, gilashi a rufe, ya wuce. Tayar ba mu gan ta ba har yau, ba ta kuma dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne kwana biyar muka yi a hanya ba mu ga komai ba, don hankalinmu na can kan ƙofar da muka nufa.

Ɓarnar wannan ɗabi'a ta wuce kan masu yin ta. Ta koya wa jama'a cewa talaka ba ya motsi sai da ubangida, cewa ɗan ƙauye ba shi da sha'awa ta kansa, ba shi da ikon ya ce ina so in ga kogin Haɗeja da idona. Idan Bature ya ratso a kan keke da jakunkunansa, ba mai tambayarsa ina hoto. Sai a ce ɗan yawon buɗe ido ne, a kawo masa ruwa, a yi layin ɗaukar hoto da shi. Idan kuwa ɗan Zakirai ne, to ɗayan uku ne: ko mabaraci, ko mai taɓin hankali, ko ɗan leƙen asiri.

Kashi na biyu suna nan gida, a majalisun ƙofar gida da teburan mai shayi. Su cewa suke kwaikwayon Turawa muke, Bahaushe bai gaji yawo ba. Muna roƙonsu su koma su tambayi tsofaffinsu. Ayarin fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro watanni yake yi a hanya, da madugu da jagaba, ana sauka a zango ana tashi. Kalmar zangon ta bi su har ta zauna daram: a Kumasi da Akara da sauran garuruwan Gana, sunan unguwar baƙi Musulmi ke nan har gobe. Alhazan da suka riga jirgin sama a ƙafa da jaki suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, wasu suka yi shekaru kafin su ga Makka, wasu suka zauna a Sudan, jikokinsu na can yau suna Hausa. Gardawa sun yi gabas neman karatu, 'yan ci-rani sun yi kudu neman kuɗi. Baturen nan ma Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya fita daga Kano a watan Maris na 1851 ya bi ta Gezawa da Gabasawa ya nufi Gumel a kan hanyarsa ta Kukawa, turbar da fatake suka daɗe da takawa ya tarar ya bi. To wa ya kwaikwayi wa?

Abin bai kuma tsaya a zamanin da ba. Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a kan keke a 2021, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022. A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, da ya rasa kuɗin jirgi zuwa Azhar, keke ya hau ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi, wata huɗu a hanya, aka tsare shi sau uku ba gaira ba dalili, kafin masu alheri su haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, inda jami'ar ta karɓe shi ta ɗauki nauyin karatunsa. Waɗannan ba hoton kowa a ƙirjinsu.

Za a ce ai duk waɗanda muka lissafa wani abu suka fita nema, ko dukiya, ko ibada, ko karatu, ku fa me kuka fita nema? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta.

Daga garinmu har ka shiga birnin Kano ba ka ganin daji. Gona na manne da gona, gida na hango gida. Ƙasa ce da masana suka daɗe suna nazarin yadda ake noma ta kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba, albarkacin taki, da dabbobin gida, da bishiyoyin da manomi ke bari a tsakiyar gonarsa. A cikinta muka tashi, muka ɗauka duk duniya haka take. Sai da muka tuƙa keke muka yi arewa da gabas sannan muka ji a cinyoyinmu inda ƙasa ke sauyawa: inda rairayi ke fara riƙe taya har ka sauka ka tura, inda ɗorawa ke raguwa goruba ta yawaita, inda gero ya fi dawa fili, inda tazarar da ke tsakanin ƙauye da ƙauye ke sa ka fara lissafin ruwan da ya rage a jarka. A fadamun Haɗeja muka ga yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta da manoman shinkafa suka zaunar da mu suka yi mana bayanin yadda zuwan ruwa ya sauya musu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ruwan nan daga jiharmu yake gangarowa, kuma kafin a yanke Jigawa a 1991 duk jiha ɗaya muke da su, amma ba ɗayanmu da ya taɓa tunanin abin da madatsun da muke alfahari da su ke yi wa na ƙasa da mu. A cikin garin Haɗeja kuma aka nuna mana inda Sarki Muhammadu da jama'arsa suka tsaya wa sojojin Turawa a 1906 har ya yi shahada. Malamanmu biyu sun sha koyar da wannan a aji, amma ran nan ne suka fara taka wurin. Ɗaya daga cikin manomanmu kuwa da ƙullin irin riɗi ya dawo daga wajen Gumel, yau maƙwabtansa uku sun karɓa a hannunsa. Wanda ya bi hanyar nan a mota abin da zai iya ba ka labari shi ne yawan shingayen da aka tsayar da su da kuma inda rami ya fi zurfi.

Kashi na uku su ne masu raina keken kansa, kuma a nan abin ya fi ba mu mamaki. Kakanninmu sun ga zamanin da mai Raleigh mutum ne a gari, ana goge keken da tsumma kowace safiya, ana naɗe ƙarfensa da roba mai launi, yara na bin sa a guje. A Kano ɗin nan aka yi masana'antar haɗa shi. Da keke malamin makaranta ya je aji, da shi malamin gona ya zaga ƙauyuka, da shi ɗan koli ya ci kasuwa bakwai a mako. Daga kuɗin Udoji zuwa yau sai muka wayi gari keke ya zama tambarin talauci, saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur, ko ya zauna a gida, da a gan shi yana taka feda. Da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira a koma wa keke a 2001, dariya aka yi masa, da wata bas ta ture shi a Abuja yana kan nasa kuwa sai dariyar ta ƙaru. A Holan an sha ganin Mark Rutte yana tafiya ofis a keke lokacin da yake firaminista, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tun 2018 ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Mu sai da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a shekarar da ta biyo, sannan aka fara zaro tsofaffin Phoenix daga bayan rumbu ana kaiwa wurin mai faci. Har yanzu ma da kunya ake hawa, ana cewa na ɗan lokaci ne kafin abubuwa su daidaita.

Wannan raini yana kashe mutane, ba a baki kawai ya tsaya ba. Direban da ya ɗauka mai keke ba kowa ba ne, ba zai rage gudu dominsa ba. Duk wanda ya taɓa jin iskar tirela ta jefa shi cikin ƙaya a hanyar Gezawa ya san me muke nufi. Ana shimfiɗa titi ba a barin kafaɗar da keke da amalanke da ɗan makaranta za su bi, inda aka bari kuma ruwa ya cinye ba mai gyarawa, alhali a karkararmu masu tafiya a gefen titin sun ninka na tsakiyarsa. Ba mu roƙi gwamnati ta raba mana kekuna ba, mun ga yadda rabon ke ƙarewa. Gefen titi muke nema, da direban da aka koya masa cewa ran mai keke rai ne.

Saura hujja ɗaya, ita ce wadda ba ma yi wa dariya, domin iyayenmu mata da matanmu ne ke kawo ta: hanya ba lafiya. Gaskiya suka faɗa. Ba mu taɓa nufar dazukan Zamfara ko yammacin Katsina ba, ba kuma za mu ba kowa shawarar ya gwada ba. Ba ma tafiya bayan magariba. Kowa na ɗauke da katinsa na ɗan ƙasa. Kowace safiya sai mun tambayi mutanen gari halin da hanyar gaba ke ciki, idan suka ce kada a bi, ba a bi. Ba ma kafa tanti a bayan gari kamar marasa gaskiya, kai tsaye ƙofar mai unguwa ko dagaci muke nufa mu yi sallama, shi zai nuna mana zaure, ko harabar masallaci, ko barandar makaranta.

Amma a duba ɗaya gefen tsoron. A watan Maris na 2025 aka tare matafiya a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 'yan Kano da ke komawa gida yin Sallah, aka kashe mutum 16 a kan zargi kawai. Duk Arewa ta yi kuka, mu ma mun yi. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: baƙon da ya shigo ƙauyenmu da yamma, da ƙura a jiki da kaya a ɗaure, me muke fara zato a kansa? Mu mun ɗanɗana. A wani ƙauye da ba za mu ambata ba, kafin mu kai ƙofar dagaci 'yan sintiri sun kewaye mu da gora da bindigogin toka, wani yaro na ihun ga su nan. Aka tasa mu gaba har zauren. Babbanmu ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, matafiya ne mu, daga Zakirai.” Dagacin ya ce, “Wa ya aiko ku?” Muka ce ba kowa. Ya sa aka kwance kayanmu ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, famfo, gam da faci, gidan sauro, carbi. Ya daɗe yana kallon tarkacen, sannan ya sallami 'yan sintirin ya ce, “'Ya'yana, ku yi haƙuri. A zamanin mahaifina zauren nan ba ya kwana ba baƙo. Ni rabon da wani ya shimfiɗa tabarma a nan har na manta.” Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da safe kuma fura.

Maganar dagacin nan ita ce ginshiƙin duk abin da muke faɗa. Idan matafiyin kirki ya daina bin hanya, baƙon da zai rage wa ƙauye ya sani shi ne mai zuwa da bindiga cikin dare, daga nan kuma kowane baƙo ya zama abin zargi. Al'ummar da ta gaji karin maganar baƙonka annabinka, wadda addininta ya sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin masu haƙƙin zakka, ya kuma ba baƙo kwana uku na liyafa, ba za ta riƙe wannan hali ba in ba ta da baƙon da za ta gwada shi a kai. Zumunta a ƙafa take, ta gari da gari ma haka. Yaran ƙauyen nan da suka yi mana ihu da daddare, su ne da safe suka yi rububin buga mana iska a taya. Baƙo na gaba da zai shigo musu, muna kyautata zaton sai sun tsaya sun ji ta bakinsa kafin su ɗauki gora.

Ku kuma marubuta da masu karatun wannan mujalla, muna da ƙorafi a kanku. Adabinmu na da labaran tafiya masu daraja. Dorugu ya ba da labarin zuwansa Ingila da Jamus tare da Barth, Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilimi bayan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Duk Turai suka nuna mana. Yau ma jaruman littattafanmu Dubai da Landan suke zuwa hutu, a kan titunan da marubucin bai taɓa takawa ba, alhali Taura na nan, Kafin Hausa na nan, Baɓura na nan, kowace da karin harshenta da tarihinta da ciwon da ke damunta, ba mai zuwa ya kwana ya rubuta. 'Yan jarida kuma su daina jiran sai an liƙa hoton gwamna kafin tafiya ta zama labari, domin su ne ke ciyar da maular da muke kuka da ita.

Bana, in Allah ya kai mu, Nguru muka nufa. Za mu bi garuruwan tsohon layin dogon nan da ya ratsa ta ƙasarmu, wanda aka kammala a 1930 don kwasar gyaɗa, mu ga abin da ya rage na tasoshinsa. Duk mai so ya zo. Keken da ke jingine a soron gidanku ya isa, in dai birkinsa na kamawa. Ya taho da tabarma da bargo, don sanyin hunturu a bakin fadama ba wasa ba ne, da famfo da faci saboda tsidau, da izinin iyayensa ko na mai ɗakinsa, da guzurin da ya nema da guminsa. Hoton kowa kuwa, ya bar shi a gida.